Aman da Na Karanta da Larabci

"Sake karanta min wurin, 'yar Larabawa," in ji Gwaggo Delou, tana miƙo min wayata. "A hankali, yadda kika karanta wa uwarki ranar Asabar."

Na karɓa, na goge gumin tafin hannuna a jikin doguwar rigata. Saƙon Maulud ne, da irin rubutunsa na mutanen Damagaram da ke cusa wa Hausa haruffan Faransanci. Na karanta: "Amma fa doutsin mai aman wouta ne. In zamna ko in taho?"

"To, me kika ce yana nufi?"

"Amaan," na ja kalmar kamar yadda ake janta a makarantarmu. "Aminci. Wato wuta ba ta kusantarsa, irin abin da ake rubutawa a jikin tukunyar gas. Kin ga ai ba laifinsa ba ne, Gwaggo, ce masa aka yi wurin lafiya lau."

Gwaggo ta ajiye kofin gahawarta a kan faranti. Ta kalli Umma, Umma ta sunkuyar da kai kan shinkafar da take tsincewa. Sai dariya ta ƙwace wa Gwaggo, irin wadda ke girgiza kafaɗa ba sauti, har ɗankwalinta ya zame.

"Amai, 'yar nan. Haraswa. Dutsen haras da wuta yake yi. Bawan Allah ya faɗa miki gaskiya da Hausar ubanki, ke kuma kika karanta masa da Larabci."

'Yan uwa masu karatu, ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, yana ta ruri a tagar falonmu, amma ni zufa ce ta karyo min tun daga tsakar kai. A gidanmu haraswa ake cewa. Tunda aka haife ni a Ulaisha, unguwarmu a Riyad, ban taɓa jin Umma ta ce amai ba, dutsen da ke fitar da wuta kuwa burkan na san shi, a littafin jugrafiya. Hausar da kuke karantawa yanzu daga baya na haƙo ta a littattafai. A waccan shekarar Hausata ta kicin ce, ta "kawo gishiri" da "rufe ƙofa."

Bari in koma baya kaɗan don wanda bai san mu ba.

Sunana Marwa, shekarata ashirin da biyu a lokacin. Babana Malam Basiru tela ne a kasuwar Batha, ya fi shekara talatin yana ɗinka wa Larabawa farar riga. Maulud kuwa direba ne a gidan wani attajiri da zan kira Abu Nayif, shi ne kafilinsa, wato a hannunsa takardun zamansa suke. Tuƙi aka ɗauke shi yi, amma ainihin aikinsa tsohon gidan ne, mahaifin Abu Nayif, wanda ƙafafunsa suka mutu. Ba ya yarda kowa ya ɗaga shi daga keke zuwa gado sai Maulud. Shi ya sa da iyalin suka tashi tafiya hutu wani tsibiri can gabas mai nisa, suka yi masa bizar fita da dawowa ta wata guda, suka tafi da shi. Ba zan faɗi sunan tsibirin ba, don duk ɗan Riyad da ya ji zai gane gidan.

Shekara guda Maulud yana zuwa shagon Baba yana gaisuwa kafin Baba ya buɗe baki ya ce ya turo manyansa. Aka tsayar da ranar Juma'ar da za ta biyo bayan dawowarsu, bayan la'asar, shi da kawunsa Oumarou da ke gadin wani sito a Sulay. Sharaɗi ɗaya Baba ya kafa: ya zo da ƙafarsa, don shi ba ya ba da 'ya ta waya.

Kwanakin farko na tafiyar nan, wallahi ni ma kamar ina tsibirin. Ni da iyakar tafiyata Makka da Madina a motar haya, sai ga teku a cikin wayata kullum safe. Ya turo min hoton ɗakin da aka ba shi a otal, gado da farin gidan sauro kamar na amarya, an naɗe tawul an yi masa siffar agwagwa, an ɗora jan fure a kai. Ya ce shi dai ya kasa warware agwagwar, da rawaninsa ya goge jiki kwana biyu. Banɗakin ba rufi, in ka ɗaga kai ganyen kwakwa kake gani, har ya ce yana wanka yana neman tsari kada biri ya leƙo shi.

Abinci kuwa kada ku so ku ji. Kifi gasasshe a cikin ganyen ayaba, shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, wani jajjagen barkono da ya ce ko matan Damagaram sai sun sara masa. Akwai wani ɗan itace ja mai gashi, in ka ɓare sai ka ga fari fat kamar ƙwai, ya ce shi zai fara saya min in mun je. Duk inda suka zauna sai ya tambayi mai hidima ko halal ne, har ma'aikatan suka laƙaba masa suna Mista Halal. Ya tura tsohon a keke har bakin teku, inda yashin baƙi ne wuluk kamar garin gawayi, tsohon ya ce a cire masa takalmi a ɗora ƙafarsa a kai ko da ba zai ji ba. Sun je gonakin shinkafa da aka yanka a jikin tudu hawa-hawa kamar matakala, sun je wani ruwa da ke zubowa daga sama, biri ya fizge tabaran Nayif, ɗan maigidan, ya hau bishiya da shi. Ni kuwa ina zaune a kicin ɗinmu, ina yanka albasa, ina buɗe hoto da bayan yatsa.

A bayan kusan kowane hoto akwai dutsen. Dogo, mai tsini, da wani farin abu a kansa. Na ɗauka gajimare ne. Har na rubuta masa cewa dutsen ya sa hula.

Ranar Asabar ne saƙon nan ya zo. Iyalin za su dawo Lahadi, amma Abu Nayif ya ce saboda ƙoƙarin da ya yi da tsoho, in yana so ya ƙara kwana biyu ya huta, ya biyo jirgin Talata. Ya dai ja masa kunne cewa bizarsa ranar Alhamis take ƙarewa. Wani ma'aikacin otal ya ba shi labarin wani ƙaramin masauki a gindin dutsen, ɗakunan gora a tsakiyar gonar kofi, mai wurin wata tsohuwa ce Musulma. Maulud ya ce yana so ya gano mana, ko nan za mu zo bayan biki. Sannan ya rubuta wannan jimlar, ya tambaye ni ya zauna ko ya taho.

Kun san me na amsa? Yana nan a wayata har yau. "Ma sha Allah, haka ma ya fi. Ka zauna, ka ɗauko min hoto daga can sama." Shi kuma ya turo min da cewa bai san jarumar mace zai aura ba. Na ji daɗi har na rungume filo. Ban tsaya na tambayi kaina mece ce jarumta a cikin zama kusa da dutsen da ke da aminci ba.

Ya je. Lahadi da yamma ya turo hoton ɗakin, tabarma da katifa a ƙasa, darduma da tsohuwar ta shimfiɗa masa ta nuna masa gabas. Ta soya masa ayaba, ta dafa masa kofin gonarta, ta kai shi wata ƙorama mai tururi inda ake dafa ƙwai a cikin ruwan. Litinin da hantsi ya kira ni, muryarsa a dishe. Ya ce sun wayi gari toka na zuba kamar ana tankaɗe, ta rufe ganye, ta rufe kwanon rufi, an zo da motoci an kwashe su zuwa cikin gari. Kafin azahar aka rufe filin jirgi. Ba wanda ya san ranar buɗewa.

Ga wanda bai zauna a ƙasar nan ba, ga abin da hakan ke nufi. In bizar dawowarka ta mutu kana waje, kuma kafili bai nemi a tsawaita maka ba, an rufe maka ƙofa ke nan, mutanenmu sun ce har shekara uku. Maulud ya kira Abu Nayif, shi kuwa ya ce masa ai ya gargaɗe shi, ya kashe waya. Washegari ya fita daji wajen raƙumansa, inda ba a samunsa. Kawu Oumarou ya bar aikinsa ya je gidan, ya tsaya a rana a bakin ƙofa, mai gadi ya ce maigida ba ya nan, kuma namiji ba ya ganin uwargida. Larabcin Kawu na wurin aiki ne, "fi" da "mafi", wato akwai da babu, ko an shigar da shi ba zai iya jera bayani ba.

Yau Laraba ke nan, saura kwana ɗaya. Shi ne Gwaggo Delou, yayar Baba da ta yi aure a Maraɗi kafin su dawo nan, ta zo tun safe wai jaje. Tana ta faɗin sakarcin yaron da zai bar aikinsa ya tsaya yawon buɗe ido, ni kuma na zaro waya don in wanke shi. Garin wanke shi na miƙa mata kaina.

Da ta gama dariyar ta ja wayar, ta matsa ƙasa da babban yatsanta mai lalle, ta karanta amsar da na ba shi. Fuskarta ta canza. Ta ce Umma ta tura ƙofar falo.

Ta rage murya ta ce in goge saƙon yanzu a gabanta. Ta ce Baba bai sani ba, kuma ba sai ya sani ba, tunda yaron da kansa ya faɗa wa Oumarou cewa ra'ayinsa ne ya zauna, ba wanda ya sa shi. Ta ce in maganar ta fita, gobe duk matan Ulaisha da Oud za su ce 'yar Basiru tun ba a kawo gaisuwa ba take zaɓa wa namiji ɗakin kwana a ƙasar waje, kuma ba wanda zai tsaya jin zancen Larabci da Hausa. Daga nan ta gangaro inda na san za ta gangaro: Kamil, ɗan mijinta mai shagon turare, wanda ƙafarsa ba ta taɓa wuce Batha ba balle dutse ya tare shi.

"Ba dole nake miki ba," ta ce, tana gyara ɗankwali. "Ki dai yi shiru. Shirun kawai nake roƙonki. Alhamis za ta wuce da kanta."

Na kalli Umma. Idonta ya kaɗa, sai juya shinkafa take a tire ɗaya da ta riga ta tsince.

Na shige ɗaki na zauna a bakin gado. A jikin ƙofar sif atamfar da zan sa ranar Juma'a take rataye, kore da ruwan zinariya, Baba da kansa ya ɗinka min ita a shagonsa bayan ya sallami masu farar riga, ya yi mata hannu mai faɗi yadda nake so ba tare da na faɗa masa ba. Na buɗe wasap. Maulud yana kan layi.

Na rubuta masa cewa yanzu na san ma'anar aman wuta. Alamar rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa. Can sai ga murya. Hayaniyar mutane a bayansa, yana tari kaɗan kaɗan, amma dariya yake. Ya ce wato duk jarumtar nan da yake ta yi wa abokansa alfahari da ita ashe rashin jin Hausa ce. Ya ce yana wani ƙaramin otal kusa da filin jirgi, su huɗu a ɗaki da wasu 'yan Indiya, an raba musu abin rufe hanci, abincin kuma taliya ce a kofi safe da rana. Ya turo hoton tagarsu. Motocin da ke ƙasa duk sun zama launi ɗaya, wani ya rubuta sunansa da yatsa a gilashin ɗaya.

Sannan muryarsa ta sauka. Ya ce kada in faɗa wa kowa, shi ya tambaya kuma shi ya zauna, namiji ba ya rataya wa mace tafiyarsa. Ya ce in ƙofar ta rufu zai wuce Damagaram, kuma ba zai ce in jira shi shekara uku ba, don bai da bakin faɗin haka.

Na saurara sau uku. A na ukun ne na lura da abu ɗaya da ya faɗa a tsakiya kamar ba komai: wai 'yar aikin gidan ta turo masa saƙo cewa tsoho ya ƙi cin abinci tun Lahadi, ya ƙi yarda Nayif ya ɗaga shi, kuma uwargida Umm Nayif ta rasa yadda za ta yi da shi. Na tambaye shi ko ita tana da hanyar samun mijinta a daji. Ya ce ita kaɗai ma, akwai wata waya da ke hannun mai kiwon raƙuman. Ya gane inda na dosa, ya rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada in kuskura, Baba ba zai taɓa yafe masa ba in 'yarsa ta je roƙo ƙofar Balarabe saboda shi.

A lokacin na ji takun Baba a matakala. An rufe shaguna, ya dawo cin abincin rana.

Na fito na shimfiɗa leda a ƙasa, na jera kwanuka, shinkafa da miyar kuɓewa busasshiya da Umma ta yi saboda Gwaggo. Baba ya cire hula ya ɗora a gwiwa, zare fari maƙale a gemunsa. Bai ci loma uku ba Gwaggo ta ɗauko zancen. Baba ya ce shi abin da ya fi ba shi takaici ba tokar ba ce, toka ikon Allah ce. Abin da ya tsaya masa shi ne mutum ya san takardarsa saura kwana huɗu, ya san an sa masa rana, an kuma faɗa masa dutsen nan wuta yake fitarwa, ya kwashi ƙafa ya je ya kwana a gindinsa don daɗin kofi. Ya ce shekara talatin yana ƙasar nan bai taɓa barin takardarsa ta kai mako ɗaya kafin mutuwa ba, kuma wanda bai iya tsare bizarsa ba, ba ya jin zai iya tsare masa 'ya. Ya ce gobe zai kira Oumarou ya ce su bar zancen Juma'a.

Gwaggo ta ce gaskiya ke nan, ta ɗago ido ta kafe ni da shi. Umma ta miƙo min jug wai in ƙaro ruwa, na san so take in bar wurin.

Na karɓi jug ɗin, na kai har bakin kicin. Na tsaya a nan. Ina tuna matan unguwa, ina tuna yadda Baba ke sunkuyar da kai in ya ji kunya, ya yi kwana uku ba ya kallon mutum. Ban taɓa yi masa maganar Maulud baki da baki ba, ko sunansa ban taɓa kamawa a gabansa ba. Na ajiye jug ɗin a ƙasa, na dawo na durƙusa a gefen ledar, na buɗe saƙon na ajiye wayar kusa da gwiwarsa.

"Marwa," in ji Gwaggo, a hankali.

"Baba, ya tambaye ni kafin ya zauna. Ya faɗa min gaskiyar dutsen, ni ce ban gane Hausar ba, na ɗauka amaan yake nufi. Ni na ce ya zauna."

Baba ya goge hannu, ya laluba aljihu ya sa tabarau. Ya daɗe yana karantawa, fiye da tsawon saƙon. Na ga leɓensa ya motsa a kan kalmar, sau ɗaya da Hausa, sau ɗaya yana janta. Bai yi dariya ba, bai kuma yi faɗa ba. Ya tambaye ni ko yaron ya san zan nuna masa, na ce hana ni ma ya yi. Ya cire tabaran ya riƙe a hannu, ya ce to yanzu da na faɗa, me ya canza, tunda gobe Alhamis ce ko da laifin waye.

Gwaggo ta fara cewa ai shi ne abin da take faɗa tun safe, a rufa wa yarinya asiri a bar maganar a ɗakin nan. Ban bari ta kai ƙarshe ba, abin da ban taɓa yi wa babba ba. Na dubi Baba na ce:

"Uwargidan tana iya samun mijinta, kuma mace za ta bari ta shiga. Bayan la'asar zan sa abayata in je in yi mata bayani da bakina. Na fi so kai ka kai ni, Baba, ka jira ni a ƙofa. In ba za ka iya ba, ka yi min izini in tafi da Umma a tasi, amma yau zan je."